Ɓauren da Biri Ya Gatsa

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Inna Laure da yara. Yaya ƙafar taka? Yaya damina? Ni ma lafiya lau nake a Doha, sai zafi.

Kawu, albishirinka! Maigidan da nake yi wa tuƙi ya tafi da ni Malesiya, wani kurmi da aka hana farauta a cikinsa, baƙi ke zuwa kallon namun daji. Mahaifinsa, tsoho mai dogara sanda, ya ƙwallafa rai sai ya ga goggon birin nan mai jan gashi. Kwana uku ɗan jagora yana yawo da mu, ba mu gan shi ba. Ranar ƙarshe tsohon ya ce, "Khalas, ya isa haka, mu koma."

Ni da aka kawo riƙon jaka, sai na ga ɓaure a ƙasa, an gatsa an yar, bai ko bushe ba. Na tuna yadda kake cewa, in mun shiga daji, in duba ƙasa kafin sama. Na ce, "Baba, a ba ni rabin awa, kowa ya zauna shiru." Ɗan jagora ya yi dariya.

Ba a jima ba reshe ya motsa. Uwar goggon biri ce ta sauko, ɗanta maƙale a ƙirjinta, tana kallonmu! Tsohon ya damƙe hannuna yana hawaye. Ɗan jagoran ya tambaye ni makarantar da na yi. Na faɗa masa sunanka.

Ka ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe mini da Inna da duk mutanen gida.

Ɗanka,
Habu