Kanwar Tumaki a Ruwan Wankin Hoto

Zuwa ga Inna Kadi, mai filin shawara,

Shekaruna saba'in da ɗaya, kuma ba tausayi nake nema ba, a nuna mini hanya kawai. Na koyar a lakol, wato makarantar boko, shekara talatin da huɗu, tsakanin Cadawa da Gidan Rumji. Mijina, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne. Ya bar mini ɗakin duhu, da na'urar faɗaɗa hoto mai aiki da batirin mota, da kwali guda na takarda. Wankin hoto baƙi da fari na iya shi tun yana raye, ni ce mai riƙe masa agogo.

Watan jiya na haɗa maganin wanki da ruwan wata ƙwarya, ban san maƙwabciyata Mero ta jiƙa wa tumakinta kanwa a ciki ba. Hoton wata mai tallan nono ne. Baƙin ya fito wuluk, farin ya yi tas, har tsagar kumatunta ana ƙirgawa. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba. Na sake gwadawa sau shida, takarda shida ta lalace.

Na je Maraɗi wurin masu hoto. Duk sun duƙufa kan hotunan takardun zaɓe. Ɗayansu ya ba ni kujera, ya tambaye ni hoton wane jika na zo karɓa. Ina karanta Faransanci fiye da shi, amma littafin wannan fanni ban samu ba.

Ɗana Tasi'u yana so ya ba jam'iyyarsu ɗakin duhun su yi buro, wato ofis, saboda tagarsa na kallon hanyar kasuwa. A cewarsa wasa nake yi da kanwa. Idan na kasa maimaita hoton nan, ya yi gaskiya ke nan, kuma ban saba ganin ya yi gaskiya ba. Ina zan koya? Tagar dai kada ki ba ni shawara a kanta: ranar Lahadi na sa Rabo magini ya toshe ta da tubali.

Tsohuwar Malama, Gidan Rumji

Hajiya Malama,

Kin ba ni dariya, kin kuma burge ni. Ba wasa kike yi ba: kanwa 'yar'uwar wani gishiri ce da ke cikin maganin wanki, shi ya sa ta ƙara masa ƙarfi. Sai dai kowane dunƙule da kaifinsa. Daka guda ɗaya, ki riƙa aunawa da cokali ɗaya, ki tace ruwan. Yanka takarda sala-sala don gwaji, ki rubuta awo da mintoci a bayan kowace.

Malamai kuwa, nemi masu wanke hoton ƙirji a asibiti, sun san magungunan nan ciki da waje. Leƙa ɗakunan karatu na Maraɗi da masu baza tsofaffin littattafai, ki tambayi mujallun hoto. Mai karatun da ke da irinsu ya aiko ta wannan fili.

Tasi'u bai yi laifi da ya tambaya ba, ba ya ganin abin da kike gani ne. Ɗauki hotonsa ki wanke a gabansa. Kuma a kira Rabo ya bar wata 'yar kafa mai lanƙwasa, iska ta shiga ban da haske, don warin maganin yana cutar da ƙirji. Ƙwaryar nan kada ta koma wa tumaki.

Allah ya ƙara lafiya da ƙarfin ido, Malama.

Inna Kadi