Zayyad Ya Ce a Gaida Gida

Guangzhou, Satumba 2008

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa, ya karɓi ibadarmu a wannan wata. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da aka fara shirin wasannin Olamfik ake matsa mana kan biza. Tawa sun ƙi sabuntawa, don haka ina tafe kafin Sallah. Na san kina jiran in zo miki da Zayyad, shi ya sa na ga gara ki ji daga bakina tun yanzu.

Kin ba ni ɗanki ya koyi yaren China da sana'ar takalma, yaren kuwa ya koya har ya fi ni nesa ba kusa ba. A jami'a ya haɗu da wasu samari 'yan ƙasar masu kiɗan jita, irin mai ƙarar nan kamar ana saran kwano. Da farko dariya na yi ta yi masa. Maza ne fa, amma ga gashi har gadon baya, ga jan baki, ga wando matsattse mai ƙyalli. Sai ga shi muryar Zayyad ce ta ɗaga su. Daga ƙananan gidajen rawa suka kai ga rediyo, ya bar zuwa shago, daga baya ya kwashe kayansa daga ɗakina. A watan jiya suka fitar da faifansu na farko, hotonsa ne a gaba.

Ranar da suke sa hannu a faifan a wani kanti a unguwar Tianhe, na sa farar shaddata na tafi da rana tsaka, na bi layi cikin 'yan mata masu ihu. Yaya, da ƙyar na gane shi. Ya rambaɗa kwalli, kuma takalmin ƙafarsa mai tsini ne, irin wanda nake saro wa matan Kantin Kwari daga kasuwar takalma ta Zhanxi Lu. Ban damu da wannan ba, wallahi, fuskarsa kawai nake son gani. Da na iso gaban teburin, ubangidansu mai kula da harkar kiɗansu ya nuna ni ya tambaye shi wani abu. Zayyad ya dube ni, ya ce masa meyo. Ban ji tambayar ba, amma wannan kalma ko a barci na san ta. Ita masu shago ke faɗa mana idan kayan da muke nema babu. Na yi ta ba kaina haƙuri cewa wataƙila wani abu daban aka tambaye shi, ba ko yana da dangantaka da ni ba, amma zuciyata ta ƙi yarda.

Duk da haka na sunkuya na gaya masa ina komawa gida, kuma kin gyara masa ɗaki. Ya sa hannu a faifan, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda 'yan China ke yi wa baƙo. Bai ce mini Kawu ba. Cikin Hausarsa tangaran, a hankali, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida gida. Kin san wanda ake ce wa haka, wanda gidan nasa ne shi kaɗai, ba na mai maganar ba. Na fito na zauna a bakin titi na yi kuka da girmana.

Kada ki yi masa baki, don Allah, addu'a yake buƙata. Ni kaɗai zan sauka a Kano, kada ki turo mota biyu.

Ki gaishe mini da Malam Mas'udu, da Halimatu Sadiya, da Inna Yalwa da take ta tambayar yaushe jikanta zai dawo. Gaisuwar tawa ce. Shi bai ambaci sunan kowa ba.

Ƙaninki,
Munkaila