'Yata Tana Ganin Ƙofa Kamar Akwatin Ashana

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, amma abu ba ya wuce idona. Ina da 'ya mai shekara takwas. Mun rabu da uwarta, ta yi wani aure. Yarinyar tana wurina, duk ƙarshen mako takan je can ta kwana biyu.

Wata huɗu ke nan, in ta dawo sai ta ce ƙofar ɗakinmu ta koma kamar akwatin ashana, ko wani haske mai haƙoran zarto yana yawo a gefen idonta. Da farko na ɗauka dabarar gudun makaranta ce. Sai ran nan a shago na ga ta ɗaga ƙafa har gwiwa don ta tsallake ɗan guntun katakon da bai kai yatsa ba, ba ta ma san ina kallonta ba. Can sai ta dafe gefe ɗaya na kanta, ta yi amai, ta shige ƙarƙashin bencina ta yi barci. Ta tashi garau, har da neman abinci.

Na riƙa sa alama da fensir a bango duk ranar da abin ya taso mata. Cikin sau bakwai, biyar ranar dawowarta ne. Mijin uwar yana da shagon magani, kuma ya taɓa cewa yarinyar ta cika surutu. Anti, anya ba wani abu yake ba ta don ta yi shiru ba? Ban gaya wa kowa ba, amma ina shirin hana ta zuwa. Sai dai tun Laraba yarinyar take haɗa kayanta a leda don ɗokin tafiya.

Kafinta mai zargi

Ƙanena, sannu da haƙuri, kuma ka kyauta da ka riƙe bakinka. Abin da ka zayyana ya yi kama da ciwon ɓarin kai, wanda a yara yakan rikita gani kafin kai ya fara sarawa. Tafiyar mota cikin zafi, ƙarancin barci, yunwa da yawan kallon waya duk suna tayar da shi, kuma suna iya haɗuwa a ranar dawowa. Ka tuna, sau biyu ba daga can ta fito ba.

Ban ce ka yar da zarginka ba, amma gaban likita za ka kai shi, ba gidan mutane ba. Ka kai ta asibiti cikin makon nan, tare da kwanakin da ka rubuta. In ka ga suma, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, ko maganarta ta karye, kada ka jira ko awa ɗaya.

Sannan ka kira uwarta ku je tare. Ciwon nan yakan bi jini. Ita za ta san ko akwai shi a danginsu, ita ta san abin da yarinyar ke ci da sha a can. In ka raba su yanzu, ka rasa rabin amsar, yarinya kuma ta rasa uwa a kan abin da ba ka tabbatar ba. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.