Manhajar da Na Zaɓa Saboda Tuwo

Yaya Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da su Ni'ima. Yaya ƙafar Hajja? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Sai dai akwai maganar da na kasa faɗa a waya. Kin san aikinmu a matatar man nan: idan gas ya yi yawa, bututu ne ke kai shi hasumiya a ƙone shi, don kada tanki ya fashe. Ni aka ɗora wa zaɓen manhajar kwamfuta da za ta lissafa faɗin bututun. Kamfanoni uku suka kawo nasu. Wakilin ɗaya Ernest ne, haifaffen Sabon Gari, wanda ya sauke ni a gidansa da na zo, matarsa tana tuƙa min tuwo. Yaya, nauyinsa na ji. Ko gwada sauran biyun ban yi ba, na sa hannu.

Ranar Talata shugabarmu ta sake lissafin a gaban kowa. Faɗin bututun da manhajar su Ernest ta bayar ya yi kaɗan, da an gina shi haka da an rasa rayuka. Ta tambaye ni dalilin zaɓina. Da wane baki zan ce mata tuwo ne?

Ba a kore ni ba, an dai cire ni daga aikin. Don Allah ki lallaɓa Hajja ta daina gaya wa mutanen Fagge wai ni ne babban injiniya. Ku sa ni a addu'a. Ernest ya aiko in je cin tuwo ranar Juma'a, kuma wallahi na ce masa to.

Ƙaninki,
Modu