Makirfon da ka raina

Auta,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. Waƙar da muka ɗauka jiya da makirfon nan mai araha da ka yi ta rainawa, na kunna wa Baba yana karyawa. Jitar ta fito tas, muryarka kamar kana gabansa. Ya ce wace tasha ce? Na ce ɗanka ne.

Kar ka matsar da kujerar, kar ka cire bargon ƙofa, shi ya kashe amsa-kuwwar ɗakin.

Mutumin da ya ce jita shiririta ce, yanzu wai in tura masa a waya abokansa su ji.

Yayarka