Ɗigon da Bai Shiga Shafi ba

Zuwa ga angona, mai gilashin ido,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kishiyata da 'yan yara. Yaya wuyan nan naka da kullum yake sunkuye? Ni dai alhamdulillahi, gwiwa ce kawai, ita kuwa mun saba.

Ga kacici-kacici kafin ka yi gyangyaɗi: wane abu ne ya haifi duk abin da ke shafi, amma shafin ya yi masa kaɗan? Riƙe shi tukuna.

Gwaggonka ta ce kana ta tambayar dalilin da na tattara kayana na dawo gidanta, ko sallama babu. To, saurara.

Ka tuna ranar da na zauna bayanka a ɗakin aikinka ina tsintar wake? Kana shirya littafin lissafin nan na ɗalibai, ka ce za ka yi misali da danginmu. Kowane mutum ɗigo ne da harafinsa, duk biyun da suka kira juna a waya cikin watan a ja musu layi. Ka ce manhajar kwamfutarka ce ke zanawa da kanta: masu layi ta matso da su kusa, marar layi ta wurga shi gefe. Na yi dariya na ce ashe na'urar ma ta san halin mutane.

Zane ya fito kamar saƙar gizo-gizo. Ubanka a tsakiya, layuka sun yi masa rawani. Har mai gyaran famfo ya samu layi biyu. Can ƙasa ta hagu kuma, ga wani ɗigo shi kaɗai.

Da ka ɗora zanen a shafin littafi, ya tsallake iyaka. Ka rage girmansa, haruffa suka koma kamar kiyashi. Mai ɗab'i ya kira yana faɗa. Ka yi tsaki, ka ce wancan na gefen ne ke ɓata maka tsari, ai ba ya haɗe da kowa. Ka danna, ɗigon ya ɓace. Shafi ya zauna daidai, har ka yi fito.

Angona, aji huɗu na yi, amma na san harufana. Ban ji haushin gogewar kamar yadda na ji haushin gaskiyar na'urar ba. Ina cikin gidanka, ɗakina na kallon naka, sai na ga ba a buƙatar kirana, ba a kuma buƙatar leƙo ni. Yanzu da na yi nisa, wataƙila na samu layi.

Kada ka aiko mota, ba zan dawo ba. Ka gaishe da yara, ka ce wa ƙaramar ta daina tsotsar yatsa.

Taka har kullum, tsohuwar amaryarka,
Kaka

Af, amsar: ɗigon nan ne mai harafin K. Kai ka goge shi.