Ɗigo Uku a Kan Taswira

Barahona, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Nereida,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya sanyin San Juan? Mu ƙalau muke, sai dai rediyo ya ce guguwa ta taso daga gabas.

Mutane suna zaton guguwar teku a miƙe take tafiya. Yau ma ɗalibaina haka suka ce, da na shimfiɗa musu taswira muna ɗiga lambobin inda guguwar take, waɗanda rediyo ke karantowa. Wata ta miƙo mini rula in ja layi. Nereida, hannuna ya ƙi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da teku ta tafi da yayanmu Casimiro, ya biyo ta makaranta kafin ya shiga ruwa. Ya ce, “Malamin fensir, in je in ɗauko taruna ko in bari?” Na ɗora rula a kan ɗigo uku, na ce guguwar wancan lokacin za ta wuce ta kudu. Ta juyo.

Yayanki,
Eladio

Talata

Nereida,

Ina fata kin tashi lafiya. Direban motar kasuwa zai kawo miki wannan.

Teku ta yi lumui, ba tsuntsu ko ɗaya. Maƙwabta sun ja kwale-kwalensu tudu, suna kafa katako a tagogi. Na je in ɗauko Mama, na tarar ta dafa shinkafa da wake, ta rufe kwano ɗaya ta ajiye, ƙofar da ke kallon ruwa a buɗe yadda ta saba. Na ce guguwa tana zuwa, mu koma makaranta, can ne tudu. Ta ce, “Wancan karon ka ce ba ta zuwa, ta zo. Yanzu ka ce tana zuwa. Sai in bar gida yayanka ya dawo ya tarar ba kowa?”

Ashe ta sani. Duk shekarun nan tana zuba mini abinci, ta sani.

Ga lambobin. Jiya da safe: arewa 15.0, yamma 64.0. Da la'asar: 15.5 da 65.2. Yau: 16.3 da 66.2. Ki samu taswira ki ɗiga da hannunki, kada ki bi tawa. In kin ga guguwar ta fara karkatowa arewa, ki hau motar farko gobe ki zo ki shawo kan Mama. Kwana biyu ya rage, kuma ke ba ki taɓa gaya mata abin da bai zama ba.

Ki gaida mijinki.

Naki,
Eladio